Isnadi a Zamanin Na'ura: Ilimin Sirranta Saƙo, Kundin Sarƙa da Ƙirƙirarriyar Basira a Mahangar Nazarin Hausa

Gabatarwa

A ƙaddara wani ɗalibin digiri na biyu yana rubuta kundinsa a kan waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, sai wani ya turo masa wata waƙa ta WhatsApp, ya ce daga tsohon kaset aka kwafo ta. Murya ta Shata ce, kalangu yana tashi yadda aka san shi, 'yan amshi suna karɓa, har da 'yar ƙarar nan ta tsohon kaset. Sai dai duk cikin manazartan da suka tattara waƙoƙin marigayin babu wanda ya taɓa jin ta. Da a ce shekara goma baya ne, malamin da ke duba kundin murna zai yi, ya ce an tsinci dami a kala. A yau kuwa tilas ya dakata ya tambaya: Shata ne ya rera ta kafin rasuwarsa a 1999, ko wata manhaja ce ta ƙera ta a daren jiya?

Wannan tambaya ita ta fito da batun ilimin sirranta saƙo da kundin sarƙa da ƙirƙirarriyar basira daga sashen kimiyyar kwamfuta, ta kawo shi ƙofar sashen Hausa. Jarin manazarcin harshe da adabi da al'ada shi ne matani: waƙa, hira, tatsuniya, takardar ajami, littafi. Idan aka kai matsayin da ba a iya bambance wanda ɗan'adam ya furta da wanda na'ura ta haɗa, to an taɓa tushen fagen baki ɗaya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, daga cikin fasahohin nan uku, ilimin sirranta saƙo ne ya zama larura ga manazarta Hausa. Kundin sarƙa yana da amfani, amma ɗan taƙaitacce, bai kai yadda 'yan talla ke kuranta shi ba. Kuma dukkansu ba za su ɗauke wa masana nauyin tantance mai ruwaya ba. Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin, domin ƙimar hujjar da za a kafa tana raguwa da kowace shekara da ta wuce.

Daga zaurance zuwa mabuɗi biyu

Ɓoye ma'ana ga wanda ba a so ya ji ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Yara da samari sun daɗe suna zaurance, su sauya wa gaɓoɓin kalma wuri ko su cusa wata gaɓa a tsakaninsu, don su yi zancensu a gaban wanda bai san dabarar ba. Marubuta waƙoƙin ajami kuma sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka lissafa darajar haruffanta bisa hisabi sai shekarar da aka yi waƙar ta fito; a ƙidayar Magaribawa da malaman ƙasar Hausa suke bi, harafin shinun dubu ne, ra'un kuwa ɗari biyu. Duk waɗannan suna tafiya a kan ƙa'ida guda: mai aikawa da mai karɓa sun san wani sirri da na uku bai sani ba.

Raunin irin wannan dabara ya bayyana tun a ƙarni na tara, lokacin da al-Kindi ya rubuta risalarsa ta warware ɓoyayyen rubutu a Bagadaza. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan aukuwa, saboda haka ko an musanya kowane harafi da wata alama, ƙidayar alamomin za ta tona asiri. Manazarcin harshe zai ga cewa ilimin karya sirri da nazarin ƙididdigar harshe tagwaye ne tun asali.

Babban sauyi ya zo a 1976, da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka gabatar da tsarin mabuɗi biyu, sannan a 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fito da hanyar aiwatar da shi wadda ake kira RSA. A wannan tsari kowane mutum yana da mabuɗin ɓoye da ba ya nuna wa kowa, da kuma mabuɗin sarari da yake raba wa duniya. Abin da ya fi shafar manazarta a nan shi ne hatimi: mai mabuɗin ɓoye yana iya buga wa takarda ko sauti hatimin lissafi, kowa kuma ya yi amfani da mabuɗin sarari ya tabbatar daga wurinsa abin ya fito, ba tare da ya iya kwaikwayon hatimin ba.

Abokin tafiyar hatimi shi ne abin da za a iya kira zanen yatsan matani. Akwai lissafi, irin su SHA-256 da aka fitar a Amurka a 2001, wanda idan aka ba shi kowane irin fayil, ƙarami ko babba, zai fitar da wani jeri mai alamomi 64. Fayil ɗaya kullum jeri ɗaya yake bayarwa. Idan aka sauya ko da ɗigo guda, jerin zai rikiɗe gaba ɗaya. Ba a kuma iya komawa daga jerin a gano abin da ke cikin fayil ɗin. Da hatimi da zanen yatsa ana amsa tambayoyi biyu: wa ya fitar da wannan abu, kuma an taɓa shi bayan ya fitar ko ba a taɓa ba?

Kundin sarƙa: asalinsa da abin da ya zama

Saura tambaya ta uku: yaushe? Mutane da yawa suna zaton kundin sarƙa, wanda matasa ke kira bulokcen, don kuɗin kirifto aka ƙirƙiro shi. Tarihi bai nuna haka ba. A 1991 Stuart Haber da Scott Stornetta suka wallafa hanyar buga wa takardar na'ura lokaci ta yadda ba za a iya ja da shi baya ba. Dabararsu ita ce kowace sabuwar shigarwa ta ƙunshi zanen yatsan wadda ta gabace ta, sai su zama sarƙa. Duk wanda ya so ya gyara ta tsakiya, sai ya sake duk na bayanta. Kamfanin da suka kafa ya riƙa buga dunƙulallen zanen yatsan rajistarsa kowane mako a shafin ƙananan tallace-tallace na jaridar New York Times tun daga 1995, domin jaridar da ta riga ta shiga dubban gidaje da ɗakunan karatu babu mai iya tattaro ta ya sauya. Ashe tun farko matsalar masu adana takardu aka so a magance.

A ranar 31 ga Oktoba 2008 wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar Bitcoin, tsarin kuma ya fara aiki a ranar 3 ga Janairu 2009. Abin da ya ƙara shi ne ya raba kundin ga dubban kwamfutoci da ba su san juna ba, suna ƙara sabon shafi kimanin kowane minti goma, ba tare da wani shugaba da za a dogara da amanarsa ba. Ethereum ya biyo baya a 2015 da damar rubuta yarjejeniyoyi masu zartar da kansu. A Najeriya, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto a Fabrairun 2021, ya ƙaddamar da nasa kuɗin na eNaira a ranar 25 ga Oktoba na wannan shekara, sannan ya janye hanin a Disambar 2023. Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa kan kundin sarƙa a Mayun 2023.

Kamannin wannan tsari da isnadi a bayyane yake ga duk wanda ya yi karatun zaure. Ijazar da malami ke ba almajirinsa tana jero sunayen waɗanda aka karɓo littafin daga gare su, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa mawallafi, kowane suna yana riƙe da na gabansa. Amma malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da haɗuwar sarƙa kaɗai ba. Sun gina wani fanni na daban don binciken masu ruwayar su kansu: gaskiyarsu, kiyayewarsu, da ko sun ma haɗu da waɗanda suka ce sun ji daga gare su. Wannan rabi na biyu ne kundin sarƙa ba shi da shi, kuma za a dawo kansa.

Ƙirƙirarriyar basira da rushewar shaidar kunne

A 2017 masu bincike na kamfanin Google suka gabatar da tsarin da manyan manhajojin harshe na yau suka ginu a kansa, kuma a ranar 30 ga Nuwamba 2022 aka saki ChatGPT ga jama'a. Hausa ba ta tsaya a gefe ba. Tun a Disambar 2013 ta shiga manhajar fassara ta Google, tana cikin harsuna 200 na tsarin fassarar da Meta ya fitar a 2022, kuma ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna tattara matani don horar da na'ura. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Amma hannun da ya koya wa na'ura fassara shi ne ya koya mata kwaikwayo.

An riga an ga illar hakan a wasu wurare. Kwana biyu kafin zaɓen ƙasar Sulobakiya na Satumbar 2023 aka yaɗa wani sautin bogi da muryar ɗaya daga cikin jagororin jam'iyyu, wai yana shirya maguɗi. A Janairun 2024 aka riƙa kiran masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Shugaba Biden ta jabu, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. A farkon 2024 kuma aka damfari wani ma'aikacin kamfani a Hong Kong kimanin dala miliyan 25 ta hanyar taron bidiyo da fuskoki da muryoyin shugabanninsa na ƙarya. Al'ummar da yawancin iliminta da fatawarta da siyasarta ke yawo ta sautin murya a waya, kamar al'ummar Hausawa, ta fi kowa zama cikin haɗari. Minti biyu na muryar wani sanannen malami yana faɗin abin da bai faɗa ba sun isa su tayar da gari.

Akwai illa ta biyu da ta fi ta farko zurfi. Idan kowa ya san ana iya ƙera murya, to mai gaskiya ma ya rasa hujja, mai laifi kuma ya sami mafaka: duk abin da aka kama shi ya faɗa sai ya ce na'ura ce. Masana shari'a biyu, Bobby Chesney da Danielle Citron, sun kira wannan ribar maƙaryaci. Shakku kaɗai yana da ƙarfi ko babu jabu. 'Yan Najeriya ba su manta da jita-jitar Jibrin na Sudan ba, wadda ta yi ƙarfin da sai da Shugaba Buhari ya fito a ƙasar Folan a Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa. A Gabon, zargin cewa bidiyon sabuwar shekara na Shugaba Ali Bongo haɗi ne yana cikin abubuwan da suka gabaci yunƙurin juyin mulki na 7 ga Janairu 2019.

Illa ta uku ta shafi harshen kansa. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a Yulin 2024 ya nuna cewa manhajar da ake ta horarwa da abin da wata manhaja ta rubuta tana lalacewa sannu a hankali, kuma abin da take fara zubarwa shi ne kalmomi da salailan da ba su cika aukuwa ba. Ga Ingilishi mai tarin rubutu wannan damuwa ce ta gobe. Ga Hausa, wadda rubutunta a intanet bai taka kara ya karya ba, kuma wani kaso nasa fassarar na'ura ce da ba a gyara ba, damuwa ce ta yau. Abin da zai fara salwanta shi ne Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci da Gananci, da karin magana da habaici, wato ainihin abin da manazarta ke nema.

Inda fasahohin uku suka haɗu

Mafita ta farko da ke zuwa a rai ita ce a sa na'ura ta kama 'yar'uwarta. Gwaji ya nuna wannan hanya ba ta da tabbas. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye manhajarsa ta gano rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta, alhali da Ingilishi aka gina ta. Ana kuma ƙoƙarin saka ɓoyayyiyar alama cikin abin da na'ura ta ƙera, kamar SynthID na Google, amma wannan sai kamfanin da ya yarda ya saka. Mai mugun nufi zai nemi manhajar da ba ta sakawa. Tsere ne tsakanin ɓarawo da mai gadi, kuma kullum ɓarawo ne ke zaɓar dare.

Hanya ta biyu ta fi ƙarfi: maimakon farautar jabu, a yi wa na gaskiya shaida. A Fabrairun 2021 Adobe da BBC da Microsoft da Intel da wasu suka kafa ƙawancen C2PA, wanda ya tsara yadda hoto ko sauti ko bidiyo zai ɗauki hatimin lissafi tun daga na'urar da ta ɗauke shi, kuma duk gyaran da aka yi masa a rubuta shi a ƙara hatimi. A Oktobar 2023 kamfanin Leica ya fitar da kyamara ta farko mai wannan tsari. Abin lura shi ne wannan tsari ba ya buƙatar kundin sarƙa sam. Hatimi da zanen yatsa sun ishe shi.

To ina gurbin sarƙa? Gurbinta shi ne lokaci, da kuma wurin da ɓangarori da yawa ba sa son ɗayansu ya riƙe rajista shi kaɗai. Idan Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, suka lissafa zanen yatsan kowane hoton takarda da kowane sauti da ke hannunsu, ana iya dunƙule dubban zanen nan su zama guda ta dabarar da Ralph Merkle ya tsara a 1979, a dasa wannan gudan a wani kundi na jama'a. Daga ranar, kowa na iya tabbatar da cewa fayil kaza yana nan a siffarsa kaza tun rana kaza. Akwai ma wata fa'ida ga gidajen malamai da ke riƙe da takardun gado, waɗanda sau da yawa ba sa son su fita hannunsu: zanen yatsa ba ya bayyana abin da ke ciki, don haka gida yana iya kafa hujjar mallakarsa ba tare da ya buɗe gafakarsa ga kowa ba.

Ilimin sirranta saƙo yana da wasu kyaututtukan da ke hanya. Akwai hujjar da ake kafawa ba tare da tona abin da aka sani ba, wadda Goldwasser da Micali da Rackoff suka gabatar a 1985, da lissafi a kan rufaffen bayani wanda Craig Gentry ya nuna yiwuwarsa a 2009. Burin shi ne wata rana cibiya ta bari a horar da na'ura da taskarta ba tare da ta miƙa taskar ba. Har yanzu tsadar lissafin ta sa wannan bai zama abin yau da kullum ga manyan manhajoji ba, don haka bai kamata a gina shiri a kansa yanzu ba.

Abin da sarƙa ba za ta iya ba

Kundin sarƙa yana tsare abin da aka zuba masa ne, ba ya tambayar ko gaskiya ne. Tarihin rubuce-rubucen Afirka ta Yamma yana da darasi a nan. Littafin Tarikh al-Fattash, wanda Houdas da Delafosse suka buga a 1913, an daɗe ana ɗaukarsa aikin Mahmud Ka'ti na ƙarni na sha shida. Nehemia Levtzion a 1971, sannan Mauro Nobili a littafinsa na 2020, suka nuna cewa an sake masa fasali a ƙarni na sha tara don a ƙarfafa da'awar Shehu Ahmadu Lobbo na Masina. Da a ce akwai kundin sarƙa a 1913 aka shigar da shi, da sarƙar ta tsare jabun nan da cikakkiyar amana. Abin da ya tona shi shi ne kwatanta kwafe-kwafe da sanin tarihi da sanin salo. Haka muhawarar da ake yi kan wanda ya rubuta Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908: babu lissafin da zai yanke ta. Idan aka shigar da waƙar Shata ta jabu a yau, abin da kawai sarƙa za ta shaida shi ne jabun yana nan tun yau.

Na biyu, rashin sauyuwar da ake yi wa kirari yana hannun mutane. A Yunin 2016 aka wawure kimanin ita miliyan 3.6, wato kuɗin Ethereum, daga wata yarjejeniya mai suna DAO. Wata guda bayan haka mafi yawan masu riƙe da tsarin suka amince a sauya ƙa'ida don a mayar da kuɗin, waɗanda suka ƙi kuma suka ci gaba da tsohuwar sarƙa. Sarƙa ta rabu biyu, kowace tana cewa ita ce ta asali.

Na uku, zanen yatsa ba ajiya ba ne. Idan gara ta ci takarda, ko faifan kwamfuta ya ƙone, jerin alamomi 64 ba zai dawo da ko harafi ɗaya ba. Dubban takardu sun salwanta a Cibiyar Ahmed Baba ta Tambutu a Janairun 2013, kuma harin da masu kutse suka kai wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Oktobar 2023 ya rufe hanyar isa ga taskokinsa na intanet watanni da dama. In ɗakin karatu irin wannan ya ji jiki, ina ga cibiyar da ke fama da wutar lantarki?

Na huɗu, hatimin yau ba na har abada ba ne. Tun a 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai isasshen ƙarfi za ta karya RSA da danginsa, shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji masu jure mata a Agustan 2024. Taskar da ake so ta kai shekara ɗari sai an yi mata tanadin sabunta hatimi.

Na biyar, haɗa sunan kirifto da na ƙirƙirarriyar basira ya zama tarkon 'yan damfara. Dandalin CBEX da ya rufta da kuɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2025 da alkawarin cewa na'ura mai basira ce ke yi wa mutane kasuwanci ya ja su. Shirin Worldcoin, wanda ke ɗaukar hoton ƙwayar ido don shaida cewa mutum ɗan'adam ne ya kuma ba shi kirifto, gwamnatin Kenya ta dakatar da shi a Agustan 2023. Duk wanda ya zo wa sashen Hausa da tayin mayar da waƙoƙin magabata hajar sayarwa a sarƙa, a tuna cewa ba duk abin da ke ƙyalli ne zinariya ba, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Matsalolin da suka keɓanta ga Hausa

Akwai ƙalubale biyu da injiniyan da bai san Hausa ba ba zai hango su ba. Na farko na rubutu ne. Lissafin zanen yatsa ba ya ganin ma'ana, lambobin haruffa yake gani. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, a Nijar kuwa da harafi mai lanƙwasa. Wani yana rubuta ƙ da ɗ da ɓ, wani yana barin su babu ƙugiya, wani yana liƙa musu alama a gefe. Ita kanta alamar ɗaurin tana da siffofi fiye da ɗaya a kwamfuta. Kowane ɗaya daga waɗannan zai ba da zanen yatsa na daban ga jimla guda. A ajami abin ya fi haka rikitarwa, saboda wasulla da haruffan da Larabci ba shi da su. Kafin a yi rajistar matani, sai masana ƙa'idojin rubutu sun zauna sun daidaita yadda za a shigar da shi.

Na biyu ya fi nauyi, domin na tunani ne. Kundin sarƙa ya ginu a kan cewa akwai asali guda, saura duk kwafi ne ko gurɓata. Adabin baka bai san wannan ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta da kwafin asali. Kowace kaka da yadda take ba da ita, kuma kowace daidai ce. Makaɗi yakan rera waƙa ɗaya a wurare goma, kowane da ƙari da ragi gwargwadon mahalarta. Ko a rubutaccen adabi, Tabban Haƙiƙa ta ratsa hannu uku: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Wace ce ta asali a ciki? Haɗarin shi ne rajista ta naɗa wa siga ɗaya rawani don kawai ita aka fara shigarwa, sauran su koma kamar jabu. Abin da ya dace a yi wa shaida shi ne aukuwa: wane ya rera, a ina, yaushe, wa ya ɗauka, da wace na'ura.

Sai kuma haƙƙin waɗanda aka yi hira da su. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Matar aure da ta yarda aka ɗauki waƙarta ta niƙa, ko ɗan bori da ya yi bayanin sana'arsa, suna iya janye yardarsu daga baya. Abin da aka dasa a kundin da ba ya goguwa ba ya janyuwa. Saboda haka zanen yatsa kaɗai ne ya halatta ya hau sarƙa. Murya da suna su tsaya a taskar da ake iya rufewa.

Abin da ya kamata a yi

Shawarar wannan maƙala ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Da farko, kowane sashe da kowace cibiya su lissafa zanen yatsan duk abin da suka riga suka mayar na'ura, su fara da tsofaffin kaset da faifai da hotunan takardun ajami, domin manhajar yin hakan kyauta ce. Na biyu, kowace cibiya ta mallaki mabuɗin hatimi da sunanta, a rubuta wanda ke riƙe da shi da yadda za a miƙa shi idan ya yi ritaya ko ya rasu, kada ya tafi da shi kamar yadda kaset da yawa suka bi masu su. Na uku, jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maiduguri da Yamai da Damagaram su haɗa rajista guda, kowace ta riƙe kwafi. Dunƙulallen zanen yatsan rajistar ana iya dasa shi a kundin Bitcoin ta hanyar OpenTimestamps ba tare da sayen ko kwabo na kirifto ba, a kuma buga shi a kowace fitowa ta mujallun sassan ko a wata jaridar Hausa, kamar yadda Haber da Stornetta suka yi. Na huɗu, a wajabta wa ɗaliban digiri na biyu da na uku su miƙa sautin hirarrakinsu tare da cikakken isnadi da shaidar yardar masu bayani. Na biyar, ainihin fayilolin a ajiye su a wurare uku mabambanta.

Dalilin gaggawa a fili yake. Hatimin lokaci yana nuna cewa abu ya wanzu kafin wata rana ne kawai. Da an yi wa taskokin nan rajista kafin 2022, da hujjarsu ta kusa zama yankakkiya, domin a lokacin na'ura ba ta iya ƙera waƙar Hausa mai gamsarwa ba. Wannan dama ta wuce, amma wadda ta rage ta fi ta baɗi, domin har yanzu kwaikwayon na'ura a Hausa yana da tabo da kunnen masani ke kamawa, kuma har yanzu akwai dattawan da suka halarci wuraren da aka yi waƙoƙin, da ma'aikatan rediyo da suka ɗauke su. Tun ran gini ran zane.

Kammalawa

A koma ga ɗalibin nan da waƙarsa. Idan akwai rajista, malaminsa zai duba ko wata cibiya ta taɓa shaidar wannan sauti, yaushe, kuma daga hannun wa ta karɓa. In ya samu, ya sami isnadi. In bai samu ba, hakan bai tabbatar da jabu ba, amma ya mayar da nauyin hujja kan wanda ya kawo, sai a koma ga tsohon aiki: a nemo kaset ɗin kansa, a tambayi makaɗan da suka rage, a auna karin harshe da zubin ɗiyan waƙa da mutanen da aka ambata a ciki. Lissafi zai tsare wa manazarta sarƙa, amma sanin wanda ya cancanci a karɓi ruwayarsa yana nan a wuyansu, kuma lokacin ɗaukar wannan nauyi shi ne yanzu da masu shaida suke raye.